Sammako zuwa wurin wasan yara ranar sallah, da maganar "zan riƙe shi a cinya"

TAMBAYA

Assalamu alaikum Injiniya. Ni uwa ce, yarana uku, muna zaune a Kubwa. Babban shekararsa 11, mai bi masa 7, auta kuma bai daɗe da cika 3 ba. Sallar bara mun kai su wurin wasa bayan la'asar, wallahi ban ji daɗi ba. Mun fi awa guda a layin tikiti, abu biyu kacal yaran suka hau magariba ta yi. Auta kuma aka hana shi hawa kwalekwalen nan mai lilo, wai bai kai ba, ya yi ta birgima a ƙasa har muka dawo gida. Bana maigida ya ce sammako za mu yi, tun ƙarfe 7 mu bar gida. Ya ce da safe babu jama'a, manyan wurin ma ba su fito ba, in ya yi wa yaron da ke kula da lilon ɗan alheri zai bar auta ya hau, ni in riƙe shi a cinya. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Sammakon yana da amfani, ko wahalar da yara kawai za mu yi? Sannan maƙwabciyata ta ce waɗanda suka fara hawa da safe da su ake gwajin injin. Gaskiya ne?

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Rashin kwanciyar hankalin nan naki yana kan hanya, kuma zan zo kansa. Bari in fara sallamar mai sauƙin.

Sammako yana da amfani. Da sanyin safiya ake kama fara. A 'yan shekarun nan ƙaramar sallah tana faɗowa ne a Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Abuja kan haura digiri 35 da rana. Daga sha biyu zuwa uku ƙarfen sulu da kujerun lilo sukan yi zafin da babba ma ba zai ɗora tafin hannu ya daɗe ba, balle cinyar yaro mai gajeren wando. In kuma babbar sallah ce ta faɗo cikin damina, hadari ya fi haɗowa da yamma, kuma duk wurin da ya san aikinsa da an ga walƙiya zai kashe manyan injuna, ko kin sayi tikiti ko ba ki saya ba. Ga shi mutanenmu sai an sauko idi, an ci tuwon sallah, an gaida dangi, sannan Nyanya da Mararaba da Lugbe da Suleja su kwararo gaba ɗaya bayan la'asar. Cikin wannan ambaliyar kuka faɗa bara.

Amma ƙarfe 7 sammakon bubukuwa ne. Shawarar da ake gani a YouTube, wai a isa tun awa guda kafin a buɗe ƙofa, ta wurare ce irin Disneyland na Kalifoniya, wanda aka buɗe tun 1955. Can tikitin shiga ya haɗa da hawa kusan komai, layin abin hawa ɗaya kan wuce awa, saboda haka duk mintin da ka rage riba ce. Nan kuwa a yawancin wurarenmu za ki biya kuɗin shiga, ki kuma biya na kowane lilo daban, aljihu ne ke ƙarewa kafin lokaci ya ƙare. Sannan akwai lissafin man janareta. Babu manajan da zai tayar da babban inji saboda yara biyu, sai kujeru sun ɗan cika. Na sha ganin iyali sun iso tun masu shara ba su gama ba, yara an tashe su da asuba ko kari ba su yi ba, kafin a kunna abu na farko sun fara hamma da rigima. Ko Magic Land za ku, wanda da ake kira Wonderland, can kusa da ƙofar gari daura da babban filin wasa na ƙasa, ko wani wurin daban, ki sa a buga waya tun jajibiri a tambayi abu biyu: ƙarfe nawa ake buɗe ƙofa, ƙarfe nawa kuma injuna ke fara aiki. Ba lokaci ɗaya ba ne. Ku isa kamar rabin awa bayan na biyun, yara sun ƙoshi, ku fara da abin da layinsa ya fi tsawo bara, ku yi niyyar barin wurin da azahar. Da a Jos kuke cikin hunturu ma da na ce ku ƙara jinkiri, don sanyin safiyar can ba wasa ba ne ga yaro.

Maganar maƙwabciyarki kuwa jita-jita ce. Gwajin safe ba kowa a ciki ake yin sa. A duba ƙusoshi, a duba birki, a ja kowane ƙarfen kariya a ji ya kama, sannan a juya injin fanko. In kin iso kin ga lilo yana juyawa babu kowa, alheri kika gani. Wurin da za ki guda shi ne wanda aka yaye tamfol aka ce yara su hau.

To, yanzu ga maganar maigida. Ki ba shi wayar ya karanta da kansa, ba da raini nake faɗa ba.

Na yi shekaru ina kula da injunan wasa a wani wuri a garin nan, kuma babu kalmar da na ji ta fi "zan riƙe shi" yawa. Kullum. Alhaji da babbar riga, Hajiya da jaka a kafaɗa, wani da Turanci, wani da "ka san ko ni wane ne", duk magana ɗaya. Mutane sun ɗauka sandar awon nan da ke bakin layi ƙa'ida ce irin ta ofis, wadda aka kafa don a wahalar da talaka a kuma ɗaga wa mai alfarma. Ba manaja ne ya yanke tsawon ba. Kamfanin da ya ƙera injin ne ya yanke shi, gwargwadon kujerar da ƙarfen da ke riƙe mutum. Shi ya sa ko a Disney World na Fulorida, jirgin wasan nan mai tsananin gudu da ake kira Space Mountain ba ya ɗaukar yaron da bai kai santimita 112 ba, ko ɗan wane ne. Yaro ɗan shekara 3 yawanci yana wajen santimita 95, nauyinsa kuma wajen kilo 14. Autanku bai kai ba ne kawai, babu wanda ya tsane shi.

Ki tuna yadda kwalekwalen yake yi. Idan ya kai can sama ya tsaya kamar ƙiftawar ido, sai ki ji hanjinki ya taso, mazaunanki sun ɗan rabu da kujera. Wannan daɗin ake saya. A daidai lokacin abin da ke hana ki tashi shi ne ƙarfen da ya danne cinyarki. A irin wannan lilo sau da yawa ƙarfe ɗaya ne ya ratsa layin kujerar gaba ɗaya, kuma inda ya tarar da cinya mafi kauri nan yake tsayawa. In kika zaunar da auta a gefenki, ƙarfen zai kama ki, shi kuma tsakaninsa da ƙarfen akwai ratar da zai sulale ta ƙasa ko ya miƙe tsaye. Yaron da ya tsorata kuwa abin da yake fara yi ke nan, ya miƙe ya nemi hanyar sauka. Ba ya tunanin yana sama.

In kuma kika ɗora shi a cinya, kin sa shi tsakanin jikinki da ƙarfe. Duk sanda lilon ya gangaro ko ya ja birki, nauyinki ne zai danna cikinsa da ƙirjinsa a jikin ƙarfen. Ke da kika hau don ki kare shi, ke ce za ki matse shi. Sannan ƙarfen ba zai sauka inda ya kamata ya kulle a kanki ba, kun zama ku biyu babu mai kariya.

"Ai hannuna yana da ƙarfi." Haka kowa ke cewa. A ƙasan gangara, inda lilo ya fi gudu, jiki kan ji nauyinsa ya ninka. In ya ninka sau biyu, yaron kilo 14 ya koma kilo 28 a hannunki, ya wuce rabin buhun siminti, kuma ba buhu ba ne mai zama inda aka ajiye shi, mai zillo ne yana kuka yana harbi da ƙafa. Cikin daƙiƙa biyu kuma nauyin ya ɓace, jikinki ya taso, hannunki da kansa zai kai wa ƙarfe cafka ba tare da ya yi shawara da ke ba. Ga gumi, ga shaddar sallah mai santsi. Ban ma yi maganar wuya ba. Kan ƙaramin yaro babba ne a kan jikinsa, wuyan bai yi ƙwari ba, fizgar da babba zai yi dariya a kanta shi tana iya yi masa illa. Haka motocin karo, yaron da ke cinya fuskarsa ce daidai sitiyari.

Akwai ranar da ba na mantawa. Wani bawan Allah ya zo da 'yarsa, an auna ba ta kai ba, saura kamar faɗin yatsa uku. Ya tafi, can sai ga shi ya dawo, yarinya ta ƙara tsawo. Na durƙusa na cire mata takalmi, sai ga kwalin biskit an ninke an cusa a dunduniya. Ya yi dariya, ya ce Injiniya ai dabara ce. Na ce masa Alhaji, ni ka yi wa dabara, ƙarfen bai san kwali ba. Ya zage ni tas a gaban jama'a, ya ce sai ya sa an kore ni. Wasu su sa yaro ya yi ɗage, wasu su kafa masa hula zanna su ce a auna da ita. Duk na gani.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne ɗan alherin nan. Yaron da ke tsaye a kan injin galibi ɗan ƙaramin albashi ne, wani ma na kwanakin sallah kawai aka ɗauka. Ka miƙa masa abin da ya fi kuɗin yininsa, ka ce ya kau da kai. In ya karɓa aka sauka lafiya, ka koya masa cewa ƙa'idar ta sayarwa ce, gobe zai sayar wa wani da jariri. In kuma wani abu ya faru, shi za a fara rufewa, kai kuma ka koma gida kana cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma wanda ya tambayi Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ko ya ɗaure raƙuminsa ko ya sake shi ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Yaro amana ne, kuma shekara 3 ba ta san abin da take roƙo ba. Kukan auta na rabin awa ne, alawa ma tana kashe shi.

Lissafin maigida ma bai fita ba. Da safe ne ma'aikatan wurin masu duba injuna ke tsaye a kansu, lokacin ne ido ya fi yawa. In ya dace da wurin da za a karɓi kuɗinsa a ɗora masa ɗan shekara 3 a kwalekwale, to ya kwashe har manyan yaran ya fita, don wanda ya sayar da sandar awo zai iya tsallake duba birki. Kada kuma ku dogara da cewa ai akwai hukuma. A zamana a wurin, masu zuwa da rasit suna neman haraji ba su taɓa makara ba, mai zuwa da sifana ya taɓa ƙusa kuwa sai dai in ƙirga da yatsun hannu ɗaya. Balle lilon da ake kafawa a filin unguwa kwana biyu kafin sallah, wanda mai walda ya haɗa da ragowar ƙarfen gini da injin niƙa, babu sunan kamfani, babu takarda, babu sandar awo sam. Wannan ko kyauta ne ku wuce.

Ke ma da kanki, Hajiya, tunda kin ce za ki hau: mayafi da dogon hijabi da ke kaɗawa a bayan kujera suna iya naɗewa a taya ko sarƙa, musamman a ƙananan motocin tsere. Ki tattare shi ki cusa a gaba, haka 'yan mata da gyalensu.

Auta ba zai rasa abin yi ba. Akwai ƙaramin jirgin ƙasa, akwai dawakin da ke zagayawa a hankali, akwai gidan iskan nan da suke tsalle a ciki, shi ma da safe ya fi kyau, kafin robar ta ɗau zafi kuma kafin manyan yara su cika shi su tattake ƙanana. Ku rabu biyu, maigida ya bi manyan, ke ki ja auta ɓangaren da ba zai ma hango kwalekwalen ba. In har yanzu da sauran ƙarfi bayan azahar, Millennium Park na Maitama akwai inuwa da ciyawa, ku shimfiɗa tabarma ya yi ta gudu har ya gaji. Ki ɗauke su hoto kafin ku shiga don a san kayan da ke jikinsu, ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa wa kowanne a aljihu, ruwa kuma ya fi lemo yawa a jakarki.

Yau da daddare ki ari tef ɗin awo wurin tela, ki tsayar da su ukun a jikin bango ba takalmi ba hula, ki rubuta tsawon kowa. Idan kun buga wayar nan ta jajibiri, sai ki karanto musu, su gaya miki abin da kowanne zai iya hawa. Ki auna mai shekara 7 ɗin da kyau, don a manyan injuna shi ma ba lallai ne ya kai ba.