Lita 22.4 ko 22.7: wanne zan rubuta?

Tambaya: Malam, jarrabawa ta matso, hankalina a tashe yake. Littafinmu ya ce mol ɗaya (ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari) na iskar gas a STP (daidaitaccen zafi da matsi) lita 22.4 ne, wani littafin kuma 22.7. Mai yi mana darasin yamma ya ce mu sa 22.4 ko'ina. Wanne ne gaskiya? Ni ko girman abin ma na kasa hangowa.

Amsa: Kwantar da hankalinki, 'yata, littattafan biyu ba su yi ƙarya ba. A digiri 0 na Salsiyos, wato Kelbin 273, da matsin atmosfiya ɗaya, lita 22.4 ne. A 1982 ƙungiyar masana sinadarai ta duniya, IUPAC, ta rage matsin STP zuwa kilofaskal 100, iskar ta ɗan sake, lissafi ya koma 22.7. Ki duba matsin da tambaya ta bayar. Girman kuwa, ki ƙiyasta kwali mai santimita 28 a tsawo da faɗi da tsayi. Giram 11 na CO₂ (iskar kabon dayoksaid) rubu'in mol ne, lita 5.6, kashi ɗaya cikin huɗu na kwalin nan.

Maganar mai darasin naku ce ta ɓata mini rai. Kullum ina cin karo da ɗaliban da aka haddace musu 22.4 kamar laya. Sai ka ga yaro ya rubuta wai giram 18 na ruwa, wato mol ɗaya, lita 22.4 ne. Ruwan da ko cokali biyu na miya bai cika ba! Wannan adadi na iskar gas ne kaɗai, kuma a wancan sanyi da wancan matsi. Zafi ya kai digiri 25, ya zama kusan lita 24.5 a matsin atmosfiya ɗaya. Masu sayar da gajeruwar hanya ba ruwansu, su dai a biya su.

Abin ma bai tsaya a maki ba. Giram 44 na daskararriyar CO₂, wato mol ɗaya, ɗan dunƙule ne da ke zama a tafin hannu. Wanda bai san bambancin daskararre da iska ba sai ya jefa shi cikin gorar roba ta rabin lita ya ɗaure murfi. Da ya koma iska, lita sama da 22 na neman wurin zama a rabin lita, matsin da ya ninka na waje fiye da sau arba'in. Gorar ba ta jira a kai can, fashewa take yi, ta ji wa hannu da ido rauni.