Bashin Fam 50,000 Muka Ci, Yaya Aka Yi Ya Zama 62,000?

Tambaya

Assalamu alaikum Baba. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila. A 2020 ni da maigidana muka sayi sabon gida mai ɗaki uku a kan fam 250,000 ta shirin gwamnati na Help to Buy. Mun ba da kafin-alƙalami fam 12,500, gwamnati ta ba mu rancen fam 50,000, sauran muka karɓa a banki. Yanzu muna so mu rabu da bashin gwamnatin saboda kuɗin ruwa, hankalina bai kwanta da shi ba. Mun tara fam 35,000, sauran muna tunanin ƙarawa a kan bashin banki. Wani dillalin gidaje ya leƙo ya ce gidan zai kai fam 310,000, kuma wai fam 62,000 za mu biya. Ta yaya? Sannan banki ya riga ya turo mai duba gida, ko takardarsa za ta wadatar? Wani abokin maigidana kuma ya ce ya san wani safiyo, wato mai ƙiyasta darajar gida, da zai rage mana darajar gidan a rahotonsa. Ka ba ni shawara.

Daga wata mai karatu, Ingila

Amsa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sa albarka a gidan, ya kuma ba ku ikon sauke wannan nauyi. Na karanta wasiƙarki sau biyu, domin ni ma na bi ta wannan hanya, kuma irin faɗuwar gaban da kika yi da jin 62,000 ni ma na yi ta a tsaye a ɗakin girkina.

Dillalin bai yi miki ƙarya a lissafi ba. Abin da ya rikita mu duka shi ne sunan da muke kiran abin da shi. Muna cewa bashi, sai zuciya ta ɗauka irin bashin da aka saba ne, ka karɓi goma ka mayar da goma. Wannan ba haka yake ba. Ranar da kuka sa hannu, gwamnati ta shiga tarayya da ku ne a cikin gidan, ta riƙe kashi 20 cikin ɗari na darajarsa. A wancan lokacin kashi 20 ɗin fam 50,000 ne. Ranar biya kuwa, kashi 20 na darajar gidan a wannan ranar za a karɓa. In gida ya kai 310,000, rabonta 62,000 ne. In da ya faɗi zuwa 230,000, da 46,000 za ku biya. Kamar kiwon tarayya ne: wanda ya sa kuɗi a maraƙi ba kuɗin maraƙi yake jira ba ranar da za a sayar da sa.

Haka aka tsara shirin tun da aka fara shi a watan Afrilu na 2013, zamanin da George Osborne yake ministan kuɗi. Mai saye ya kawo kashi 5, gwamnati ta sa har kashi 20, banki ya cike sauran, kuma sabon gini kaɗai ake saya da shi. An rufe karɓar sababbin masu nema a ƙarshen Oktoba na 2022, shirin ya ƙare a Maris na 2023, amma waɗanda suka riga suka shiga suna nan da yarjejeniyarsu. Dole a biya cikin shekara 25, ko ranar da aka sayar da gidan, ko ranar da aka gama biyan bashin banki, duk wanda ya riga zuwa.

Batun kuɗin ruwa da ya hana ki barci, hukuncinsa na malamai ne, ki zauna da wanda kika amince da iliminsa. Ni lissafin zan shimfiɗa miki. Shekara biyar na farko babu ruwa, sai fam 1 da ake cira kowane wata na kula da asusu. Da shiga shekara ta shida ruwa yake farawa a kan kashi 1.75 cikin ɗari na ainihin abin da aka ranta, wato a wurinku fam 875 a shekara, kusan fam 73 a wata. Daga nan kowane Afrilu yana ƙaruwa. Ga ku da kuka shiga kafin a sauya ƙa'idojin shirin a 2021, ƙarin yana bin ma'aunin tsadar kaya na RPI da ɗorin kashi 1. Mutane da yawa suna firgita a nan ba gaira ba dalili, suna zaton in tsadar kaya ta kai kashi 3 to ruwan zai tashi daga 1.75 ya koma kusan 6. A'a. Shi 1.75 ɗin ne ake ƙara wa kashi 4 cikin ɗari na kansa, sai ya zama 1.82. Abin da ya fi ci mini rai a wannan kuɗi shi ne ko sisi ba ya rage uwar bashin. Ki shekara goma kina biya, kashi 20 na gwamnati yana nan daram.

To, tunda komai ya rataya a kan darajar gida, wa ke faɗin darajar? Ba dillali ba, ba kuma mai duba gida na banki ba. Dillali yana son ya samu gidan ya sayar, shi ya sa bakinsa yakan yi zaƙi. Na banki kuwa banki yake wa aiki, abin da yake dubawa shi ne ko gidan ya isa jingina. Hukumar Homes England, wadda bashin yake hannunta, ba ta karɓar ko ɗaya daga cikin biyun. Abin da take karɓa rahoton safiyo ne mai rajista da RICS, babbar ƙungiyar safiyoyi ta Birtaniya, kuma ku za ku nemo shi, ku za ku biya shi. Sai ya kasance ba shi da alaƙa da kamfanin dillancin gidaje, ba ɗan'uwanku ba ne, ba kuma wanda kuka sani ba. Sai ya shiga cikin gidan da ƙafarsa. Sai ya kawo aƙalla gidaje uku da aka sayar cikin wata 12 da suka wuce, masu kama da naku a iri da girma da shekaru, waɗanda ba su wuce nisan mil biyu daga gidanku ba. Rahoton ya zo a takarda mai tambarin kamfaninsa, da sa hannunsa, da sunan Homes England a matsayin wadda aka rubuta wa. Lokacin da za ki kira safiyo, kalmar farko da za ki faɗa masa ita ce na Help to Buy ne, ki tambaye shi ko ya saba yi. Ki kira biyu ko uku ki ji farashinsu, domin sun bambanta.

Wannan ya kawo mu ga abokin maigidanki. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ki gode masa ki bar maganar a nan. Sharaɗin da ya ce kada ya zama sananne a gare ku ya riga ya rufe wannan ƙofa. Kuma ko da an bi ta taga, rahoton ba a bakinsa kaɗai yake tsayawa ba. Farashin da aka sayar da gidaje a Ingila a buɗe yake a ofishin rajistar filaye, kowa yana iya dubawa a intanet. In maƙwabcinku ya sayar da irin gidanku sak a kan 305,000 wata huɗu da suka wuce, safiyonku kuma ya rubuta 270,000, za a dawo da rahoton, kuɗinku ya tafi, lokaci ya tafi. Sannan 'yata, ke da kike gudun kuɗin ruwa don ki tsarkake dukiyarki, bai kamata ki fita ta ƙofar tauye haƙƙin abokin tarayya ba.

Akwai abin da ya halatta ki yi, kuma ina so ki yi shi. Ki duba da kanki gidajen da aka sayar a unguwarku a wannan shekara, ki rubuta su a takarda. Ki lura da farashin da aka sayar, ba wanda aka rataya a talla ba. In akwai aibu na gaskiya a gidan, ki nuna. Ranar da nawa safiyon ya zo, wani dattijo ne mai ƙaramar na'urar awo da ke jefa jan ɗigo a bango. Ya cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce masa ba, ya auna ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki hoto, ya leƙa saman silin da tocila. Na ja shi bayan gida na nuna masa inda ruwa yake kwanciya a gindin katanga duk lokacin sanyi, har gansakuka ta fito a bulo. Ya durƙusa ya taɓa wurin, ya rubuta a littafinsa, bai ce uffan ba. Bai cika minti 40 a gidan ba. Bayan kwana huɗu rahoto ya iso, adadin ya yi ƙasa da na dillali, ya kuma ɗara abin da nake fata. Da na bi gidaje ukun da ya kawo ɗaya bayan ɗaya, ban sami abin cewa ba.

Wani abu kuma, shi safiyo gidan da ya gani a ranar yake ƙiyastawa. In kuna da niyyar sabunta ɗakin girki ko gyara lambu, ku dakata sai kun biya. In ba haka ba, kun kashe kuɗinku ku kaɗai, ƙarin darajar kuma ku raba da gwamnati.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne sosai, don a nan na yi tuntuɓe. Rahoton wata uku kawai yake aiki daga ranar da aka rubuta shi, kuma ana so ya isa ga masu kula da bashin cikin kwana biyar na aiki. Ni da zumuɗi na fara kiran safiyo tun ban je banki ba. Kafin banki ya gama bincikensa ya amince da ƙarin rance, kafin lauya ya haɗa takardu, wata uku sun shuɗe kamar jiya. Allah ya taimake ni akwai rangwame: in aka nema cikin mako biyu da ƙarewar wa'adi, safiyon farko yana iya sabunta ƙiyasin daga ofishinsa ba sai ya dawo gidan ba, a ƙara wata uku. Na sake biyansa, kuma a 'yan watannin nan farashin unguwarmu ya ɗan motsa sama, sai abin da zan biya ya motsa tare da shi. Wanda ya bari wannan dama ta wuce, sabon rahoto zai yi daga tushe.

Saboda haka ku juya tsarin. Ku fara da kuɗi. Ku zauna da banki ko mai ba da shawara kan bashin gida, ku ji ko za a ƙara muku fam 27,000 da suka rage, da abin da hakan zai ɗora a biyanku na wata, da ko akwai tarar fita daga yarjejeniyar da kuke ciki yanzu. Ku sami lauya mai aikin cinikin gidaje wanda ya taɓa yin irin wannan, domin ba a biyan bashin sai ta hannun lauya. Sai waɗannan biyu sun tsaya da ƙafafunsu sannan a kira safiyo. Bayan rahoto akwai takardar nema da za ku cike, da fam 200 kuɗin aiki, kuma in akwai bashin wata-wata da ya taru sai an share shi. Za a aiko da wasiƙa mai ɗauke da adadin da za ku biya, lauya ya tura kuɗin, sannan a cire sunan hukumar daga rajistar gidan. Kada ki tsayar da cirar wata-wata daga asusunki sai an tabbatar muku a rubuce cewa an rufe.

In kuma ƙarin bashin banki bai kwanta muku ba, tunda shi ma da ruwansa, kuna da wata hanya. Ana iya biyan wani ɓangare, muddin bai gaza kashi 10 na darajar gidan ta yanzu ba. A kan 310,000 wannan fam 31,000 ne, kuma kuna da 35,000. Kun ga kun raba bashin biyu, ruwan wata-wata ya ragu da rabi, ragowar dubu huɗun ta ɗauki nauyin safiyo da lauya da kuɗin aiki. Illarsa ita ce ranar da za ku biya rabin ƙarshe za ku sake biyan waɗannan duka, a kan darajar wannan lokacin. Da ni ne a matsayinku, da albashi biyu a gida da kuma damuwar da kika bayyana, wannan zan ɗauka: in biya rabi da kuɗin hannuna bana, in sa wa sauran wa'adi in ci gaba da tari. Ki gaida maigidan, ku zauna ku duba tare.

Tambaya

Baba, ni a Landan nake. Na sayi ɗaki a bene a kan fam 400,000, gwamnati ta sa kashi 40. Zan sayar in koma wani gari, amma ana ce mini bai wuce 370,000 ba yanzu. Shin 160,000 ɗin da na karɓa zan mayar?

Daga wani mai karatu, Landan

Amsa

A'a ɗana, asarar ma tare za ku raba ta. Tun Fabrairu na 2016 aka ɗaga rabon gwamnati a Landan zuwa kashi 40, kuma kashi 40 na 370,000 fam 148,000 ne. Sai dai ga mai sayarwa, ana duba ƙiyasin safiyo da farashin da mai saye ya amince da shi, a ɗauki wanda ya fi yawa. In safiyo ya ce 370,000 kai kuma ka sallama a 360,000 don sauri, a kan 370,000 za a yi maka lissafi, giɓin daga aljihunka zai fito. Don haka kada ka karɓi tayi mai rauni kafin ka san abin da rahoto zai ce.

Ka kuma bincika ko benen naku yana cikin waɗanda ke da matsalar rufin bango na waje, irin wadda ta fito fili bayan gobarar dogon benen Grenfell na Landan a 2017. In yana ciki, ba kowane safiyo ake karɓa ba, sai ƙwararre a wannan fanni. Ka kira masu kula da bashin ka faɗa musu halin ginin tun kafin ka biya kowa ko fam ɗaya, sannan ka nemi takardun binciken bangon daga masu kula da benen, domin safiyon zai tambaye ka su tun a waya.