Tambaya da Amsa: Yadda masana ke nazarin yunƙurin siyasa tun ƙura ba ta lafa ba

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Marwa. Mahaifina yakan ba mu labarin shekarar 1991, lokacin da 'yan adawa suka sa aka rufe kasuwanni, zirga-zirga ta tsaya a biranen Kamaru. Ta yaya masana zamantakewa suke nazarin irin wannan yunƙuri, alhali al'amura suna sauyawa cikin gaggawa?

Amsa: 'Yata, abin da masana suka lura da shi tun da daɗewa shi ne, ɓacin rai kaɗai ba ya fito da mutane kan titi, domin talaka yakan yi shekaru yana haɗiye wahala bai ce uffan ba. Saboda haka sukan fara tambayar me ya buɗe ƙofa a daidai wannan lokaci. A Kamaru, farashin koko da kofi da auduga ya faɗi tun tsakiyar shekarun 1980, amma kukan ya ƙara samun masu ɗaukarsa ne bayan dokar Disambar 1990 ta halatta kafa jam'iyyu.

Tambaya ta biyu, wadda a ganina ta fi nauyi, ita ce: wa ya kira wa? Da wuya mutum ya rufe shagonsa don ya karanta takarda. Yakan rufe ne don sarkin kasuwa ya yi magana, ko don ya ga maƙwabcinsa ya sa kwaɗo. Shi ya sa mai bincike yake zama a teburin mai shayi da majalisar dattawa, yana sauraro, yana rubutawa, tare da sakaya sunayen masu ba shi labari. Daga nan sai ya gwada abin da ya ji da alƙaluma, kamar sakamakon zaɓen Maris na 1992, inda jam'iyyar adawa ta UNDP, ƙarƙashin Bello Bouba Maigari, ta sami kujeru 68 cikin 180 na majalisar dokoki.

Wahalar aikin ita ce shaida takan gurɓace. Bayan zanga-zangar 20 ga Oktoban 2022 a Cadi, adadin mamata da gwamnati ta bayar ya yi hannun riga da na masu kare haƙƙin ɗan Adam, kuma saƙonnin WhatsApp da suka tara mutane sukan goge kafin a adana su. Tunanin mutum ma yakan gyara labari idan shekaru sun ja.

Idan za ki fara da mahaifinki, ki ɗauki muryarsa da izininsa, ki tambaye shi inda yake tsaye a ranar da aka rufe kasuwa da kuma wanda ya fara kawo masa labari, sannan ki nemi wani tsaransa da ya buɗe shago a wannan rana, ki ji nasa dalilin.