Rikicin iyakar gona ya kai ga rasa rai: wa doka za ta kama?

Tambaya: Assalamu alaikum, Barista. Mun daɗe muna jayayya da maƙwabtanmu kan iyakar gonar da muka gada daga kakanmu. A farkon daminar nan suka ci mana kunya uku, sai baffanmu ya tara samarin gidan suka nufi gona. Cacar baki ta zama dambe, ƙanena ya bugi ɗaya daga cikinsu da ƙotar fartanya a ka, bayan kwana biyu ya rasu a asibiti. Yanzu an kama wanda ya yi bugun, da ɗan'uwanmu da ya riƙe mamacin, da baffa, har da mahaifinmu wanda ba ya ma wurin. Tunda gonar tamu ce, kuma muna da shaidu, wannan ba zai kare su ba? Idan kuma dattawa suka sasanta mu, za a sake su?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan wanda ya rasu, ya ba gidajen biyu haƙuri. Zan fara da abin da na san ba za ka so ji ba, wato mallakar gonar, ko da ta tabbata taku ce ba tantama, ba ita ce za ta yanke wannan shari'a ba. Alƙalin da zai saurari ƙarar kisa ba zai tsaya auna kunya ba. Abin da zai bincika shi ne yadda aka yi bugun, da abin da aka yi shi da shi, da gurbin da ya sauka a jiki, da kuma abin da kowane mutum ya sani ko ya nufa a wannan lokacin.

Zan yi bayani bisa Final Kod, wato kundin dokokin hukunta laifuka, da ya fara aiki a Arewacin Nijeriya a 1960, wanda asalinsa ke komawa ga kundin Indiya na 1860. Wasu jihohi sun sabunta nasu, kamar Kaduna a 2017, lambobin sassan sun sauya, amma ma'anar tana nan. Sashe na 221 ya tanadi hukuncin kisa idan mutum ya yi nufin kashewa, ko kuma ya san, ko yana da dalilin sanin, cewa mutuwa ce sakamakon da ya fi rinjaye ga abin da ya aikata. Saboda zuciya ba a ganin cikinta, kotu kan karanta niyya daga makami da wurin rauni, kuma icce mai nauyi a tsakar ka yana cikin abubuwan da alƙalai ba sa ɗauka da sauƙi. Kwana biyun da mamacin ya yi a asibiti ba su raba bugun da mutuwar ba, muddin rahoton likita ya nuna raunin ne sanadi, ko da za a ce da ya sami kulawa mafi kyau da ya rayu.

Doka ta yarda mutum ya kare dukiyarsa, amma ta yi wa wannan haƙƙi dabaibayi. Ba a wuce gwargwadon abin da ake bukata, kuma haƙƙin ba ya nan idan akwai lokacin kai kuka ga hukuma. Kare dukiya ba ya kaiwa ga halatta ɗaukar rai sai a wurare ƙalilan, kamar fashi, ko fasa gida da dare, ko cinna wa mazauni wuta, ko kutsen da ke sa mutum tsoron mutuwa ko mummunan rauni. Cin iyaka da kunya uku, a jayayyar da ta shekara da shekaru, abu ne da mai unguwa da kotu ke nan domin sa. Idan kuwa mamacin ne ya fara ɗaga adda kan ƙanenka, magana ta sauya daga kare gona zuwa kare rai, kuma wannan ya kamata lauya ya sani tun ranar farko.

Inda nake ganin ƙanenka yake da abin riƙewa shi ne sashe na 222, wanda ya sauko da laifin daga mai hukuncin kisa zuwa wanda sashe na 224 ya tanadar wa ɗaurin rai da rai ko ƙasa da haka. Daga cikin dalilan akwai tsokana mai tsanani da ta zo ba zato har mutum ya fita hayyacinsa, da kuma faɗan da ya ɓarke nan take ba tare da shiri ba, matuƙar wanda ya yi bugun bai yi amfani da wata dama ta zalunci ba. A nan abubuwa biyu za su yi tasiri. Fartanya kayan aiki ce, ganin ta a hannun manomi a gona ba ya nuna shiri, saɓanin wanda ya koma gida ya ɗauko takobi. Amma idan ta tabbata an riƙe mamacin ne aka buge shi, mai gabatar da ƙara zai ce an bugi wanda ba ya iya kare kansa, kuma hujja ce mai ƙarfi.

Wannan riƙon shi ne matsalar ɗan'uwanku. Sashe na 79 ya ce idan mutane suka aikata laifi da manufa ɗaya, kowannensu yana ɗaukarsa kamar shi kaɗai ya yi, kuma manufar tana iya ƙulluwa a wurin, ba sai an kwana da ita ba. Tambayar ita ce, ya riƙe shi ne don ya raba faɗa, ko don a samu a buga? Shaidun gani da ido ne za su warware wannan. Shi kuwa baffa, abin da ya faɗa lokacin da yake tara samarin shi ne ma'auni, domin akwai tazara mai nisa tsakanin a je a nuna musu iyaka da a je a koya musu hankali. Idan kuma sun kai mutum biyar suka fita da nufin ƙwatar wurin da ƙarfi, ana iya ɗaukarsu haramtaccen taro, wanda kowane ɗan cikinsa ke ɗaukar laifin da aka yi wajen cim ma manufarsa. Fiƙihu ma ya san wannan, don ya zo a Muwaɗɗa, littafin Imam Malik, cewa Sayyidina Umar ya kashe mutum biyar ko bakwai saboda mutum ɗaya da suka haɗu suka kashe.

Mahaifinku kuwa, zama uban wanda ake zargi ba laifi ba ne. In ba a nuna ya zuga, ko ya ba da makami, ko ya ɓoye mai laifi bayan abin ya faru ba, babu dalilin tsare shi, kuma sashe na 7 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya haramta kama wani a madadin wani. Lauya ya nemi a sake shi ba tare da jiran sauran ba.

Game da sulhu, ina ƙarfafa ku ku yi shi, ko don kada a wayi gari da ramuwa. Sai dai a ƙarƙashin Final Kod kisa laifi ne tsakanin mai laifi da hukuma, dattawa ba su da ikon rufe shi. Babbar Kotu ce ke sauraren sa, kuma Antoni-Janar na jiha ne kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ikon janye ƙara a sashe na 211. Inda ake shari'ar bisa dokokin Musulunci, magadan mamaci suna da haƙƙin yafe ƙisasi ko karɓar diyya, amma a mazhabar Malikiyya wanda aka yafe wa kisan ganganci yana shan bulala 100 da ɗaurin shekara ɗaya. Don haka kada a yi wa iyalan mamaci alkawarin dukiya bisa zaton za a buɗe ƙofar kurkuku washegari, kuma kada kowa ya je wurin shaidu da sunan lallashi, domin wannan wani laifin ne na daban.

Ku nemi lauya yanzu, kafin a ci gaba da ɗaukar bayanansu, kuma zai fi kyau kowannensu ya sami nasa, tunda abin da zai wanke ɗaya yana iya ɗaure ɗaya. In babu hali, akwai hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta ta gwamnati. Maganar iyaka kuma a shigar da ita kotu a ƙara ta daban, kuma kafin a yanke ta, kada ɗan gidanku ko ɗaya ya taka waɗannan kunyoyi uku, ko da amfanin da ke kansu ya isa girbi.