Waya da Kwamfuta: kyamara ba ta ganin ƙashi

Tambaya: Shekara 3 ke nan da aka yi min dashen haƙori. Kwanan nan dasashin wurin yana jini in na goge baki. Na ɗauki hoto na tura wa manhajar AI, ta ce ba komai. In kwantar da hankalina? Daga wani Alhaji a Kano.

Amsa: Alhaji, a'a. Wannan ɗabi'ar ta ishe ni wallahi. Mutum ya biya kuɗin da zai sayi babur a kan haƙori ɗaya, sannan ya miƙa wa kyamarar selfi aikin likita!

Abin da ke bakinka ƙusa ce ta ƙarfen taitaniyom da aka ɗaura cikin ƙashin muƙamuƙi, ƙashin ya kama ta cikin wata 3 zuwa 6. Likitan Suwidin Brånemark ne ya fara yi wa mutum a 1965, kuma sama da kashi 90 cikin 100 na irin wannan dashe suna wuce shekara 10. Masu lalacewa fa? Da yawansu daga jinin nan suke farawa. Ƙwayoyin cuta su kumbura dasashi, su bi ƙasa suna cin ƙashin da ke riƙe da ƙusar, sau da yawa ba ciwo ko kaɗan. Duk wannan a ƙarƙashin nama yake faruwa, ko kyamararka megafiksel 200 ce ba za ta gani ba. Likita sai ya auna zurfin dasashin ya yi hoton ƙashi. Har na'ura gare su mai auna ƙarfin zaman ƙusar, daga maki 1 zuwa 100. In kana shan taba ko suganka na hawa, kada ka kai mako ba ka je ba.

Tambaya: Asibiti sun ba ni hoton muƙamuƙina a faifan CD, kwamfutata ta ƙi buɗewa. Daga wata Hajiya a Maraɗi.

Amsa: Fayilolin DICOM ne, Hajiya, wato tsarin da asibiti ke ajiye hotuna da shi. Duba faifan, yawanci da manhajar buɗewa a ciki. In babu, sauke manhajar MicroDicom. Ki kwafe fayilolin zuwa Google Drive yau, na san ƙarshen faifan nan hannun jikoki ne.

Tambaya: Ko dashen haƙori na jawo sigina ya yi zafi in ina waya?

Amsa: Ba ya ja. Da yana ja, da ni ma na dasa biyu saboda sabis ɗin unguwarmu.