Ga mai tambaya kan tiyatar ƙwaƙwalwa

Ƙanena, ka ce kana aji 4 a BUK, tiyatar ƙwaƙwalwa ta shiga ranka amma tsawon hanyar na ba ka tsoro. To gaskiya doguwa ce. Bayan shekara 6 na MBBS, wato digirin likitanci, akwai shekara 1 ta horaswa a asibiti, sai bautar ƙasa, sannan jarabawar farko ta WACS ko NPMCN, kwalejojin da ke horar da ƙwararrun likitoci, ka fara da tiyata gaba ɗaya kafin ka shiga ƙwaƙwalwa da laka, wannan kaɗai wajen shekara 6 ne.

Kar ka zaɓe ta don suna, nan ne yara ke kuskure. Je asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, nemi izini ka shiga tiyata ka tsaya awa 7 a ƙafa, ka kwana a imajensi ka ga wanda babur ya fasa wa kai, ko jaririn da ruwa ya taru a kansa ana sa masa bututu. In ka fito har yanzu kana so, to bismillah. Anatomin kai da jijiya kuma, wato ilimin tsarinsu, ka riƙe shi tun yanzu, ba sai jarabawa ta matso ba, wallahi mutane nan suke faɗuwa.

Batun gurbi da sharuɗɗa kam, konsoltan na sashen, wato manyan likitocinsa, za ka samu, su ke da na yanzu.