Yaya ake gane farfagandar yaƙi ta yi tasiri?

Malam, ka tambaya ko akwai ma'aunin da ke nuna nasarar harin intanet ko farfagandar yaƙi. Akwai, amma ba yawan saƙonnin da aka watsa ake ƙirgawa ba, ana duba ko waɗanda aka nufa sun sauya abin da suke yi. Harin intanet ya fi sauƙin aunawa domin ɓarnarsa a fili take: a Disamban 2015 masu kutse sun katse wa fiye da mutum 200,000 lantarki a yammacin Yukiren na tsawon sa'o'i.

Wahalar tana wajen zukata. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, Amurka da ƙawayenta sun zubo takardun farfaganda kusan miliyan 29 daga sama, sojojin Iraƙi da dama suka miƙa wuya, amma da yake ana yi musu ruwan bama-bamai ga kuma yunwa, da wuya a ware rabon takarda daga na bam. Sharaɗin auna tasirin farfaganda shi ne a san halin mutanen tun kafin a fara. Ko a nan Zariya na sha ganin jita-jitar WhatsApp ta karaɗe Samaru, washegari kuma kasuwar Sabon Gari ta ci yadda ta saba.